Aikin ƙasa a baz ɗin jirage na Yamai: yadda ake yi da inda ake kuskure

Malam Habu Talladje: Salamu alaikum ƴan zaure. Yaranmu da dama suna tambaya a kan aikin filin jirgi. Wasu na shirin konkur ɗin EAMAC, makarantar aikin jiragen sama da meteyo ta Yamai, wasu kanikanci suka koya suna neman inda za su raɓa. Ga kuma dattawa a cikinmu da suka san yadda aiki ke tafiya a tsohon sansanin jirage na Turawa da ke gefen filin Diori Hamani. Don Allah kowa ya buɗe mana ɓangaren da ya sani, dalla-dalla, yadda yaro zai karanta ya ƙaru. Sharaɗi ɗaya: ba a maganar yadda wurin yake a yau, ko ƙofa, ko gadi, ko hoto. Wanda ya saka, zan goge.

Shef Laminu: Wa alaikumus salam Malam. Gyara kaɗan kafin a yi nisa. Baz 101, sunan sansanin ke nan, ba ta mutu ba, ta sojan saman Nijar ce kuma tana aiki. Abin da ya tashi shi ne ɓangarorin baƙi da ke cikinta. Faransawa sun gama fita 22 ga Disamba 2023, Amurkawa suka bar ta Yamai 7 ga Yuli 2024, suka miƙa baz 201 ta Agadas 5 ga Agusta, Jamusawa kuma ƙarshen Agustan 2024. To idan an ce "tsohon sansani", waɗannan ake nufi.

Zabeiru ƙaramin kanike: Shef, ni abin da ban gane ba, ƴan ƙasa suna taɓa jirgi kuwa? Ko shara da wanki ne kawai kamar yadda ake faɗi a fada?

Shef Laminu: Jirgin baƙi, baƙi ne ke kwance shi su ɗaura. Mirage 2000 da Reaper ɗin nan maras matuƙi, farar hula ɗan ƙasa ba ya zuwa kusa da su. Amma kada ka raina sauran. Jirgi ɗaya da ka gani sama, bayansa akwai mai, wuta, ruwa, sanyi, abinci, gini, lodi, kashe gobara. Nan ne ƴan ƙasa suke, yawanci ta hannun kamfanonin da aka ba kontira. In gurup, wato injin ba da wuta, ya tsaya, ɗakin da ake tuƙa Reaper ma ya tsaya.

Alhaji Mamman mai sitern: Bari in fara da mai, tunda shi ne jinin wurin. Man jirgi kerozen ne, wanda ake kira Jet A-1. Na soja shi ne dai, sai an zuba masa wasu magunguna, Faransawa su ce F-34, Amurkawa su ce JP-8. Matatar SORAZ ta Damagaram isansi da gazuwal da gas take fitarwa, don haka kerozen daga bakin teku yake hawowa cikin sitern, wato tankar dakon mai, a da ta Kwatano, Malanbil, Gaya, Doso, fiye da kilomita 1000 a kan hanya. C-130 guda na shan wajen tan 2 a awa ɗaya. Ku lissafa da kanku sitern nawa ke nan a wata.

In sitern ta iso ba a juye ta nan take. Da farko a duba hatimin da aka ɗaure bakinta da shi, lambarsa ta yi daidai da ta takarda. A bar ta ta huta kaɗan a wuri mai daidai. Sannan a tsiyayo mai daga can ƙasan kowane ɗaki na tankin a kwalba mai haske wadda aka wanke, a juya shi ya yi guguwa a ciki, a ɗaga wa rana. Ruwa ya fi mai nauyi, sai ya taru a tsakiyar gindin kwalbar kamar ƙwayar ido, yashi da tsatsa ma haka. Mai mai kyau garau yake, ba hazo. Akwai kuma ruwan da ido ba ya gani. Shi ana zuƙo mililita 5 da sirinji ta cikin wani ɗan maɓalli mai takarda rawaya. In takardar ta koma koriya, akwai ruwa, ba a karɓa.

Sai awon nauyi. Ana saka dansimetir, ma'aunin nauyin mai, da ma'aunin zafi tare, a mayar da lissafin zuwa digiri 15 da tebur ɗin da ake da shi. Kerozen na kirki yana tsakanin giram 775 da 840 a lita. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a gwada da abin da aka rubuta a takardar lodi. In bambancin ya wuce 3, wani abu ya shiga ciki a hanya, ko gazuwal ko isansi, sai a killace sitern ɗin.

Ɗan Tawa: Alhaji, ruwa daga ina kuma, a ƙasar da ake wata takwas ba ɗigo?

Alhaji Mamman mai sitern: Daga iska, ɗana. Tanki yana numfashi. Da rana ya yi zafi ya fitar da iska, da dare ya huce ya zuƙo wata. Raɓar da ke cikinta ta kwanta a jikin ƙarfe ta gangara ƙasa. Da damina abin ya fi yawa, amma ko da rani akwai. Shi ya sa kowace safiya, kafin a ba jirgin farko, ake tsiyaye gindin tanki da na matata da na motar ba da mai. In an yi sakaci, wani baƙin yauƙi ke tsirowa daidai inda ruwa da mai suka haɗu. Ƙwayoyin halitta ne, suna toshe matata, suna cin ƙarfe. Kuma bayan an juye sabon mai a babban tanki, ƙa'ida ita ce a ba shi awa 3 ga kowace mita ta zurfinsa ya kwanta. Mai mai zurfin mita 4, awa 12 ke nan. Mai gaggawa ne ke tura wa jirgi laka.

Hajiya Rabi Gamkalle: Alhaji ka manta da waya. Ita ce ake fara koya wa sabon shiga.

Alhaji Mamman mai sitern: Gaskiyarki Hajiya. Kun san yadda rigar leda ke yin ƙaras-ƙaras da ɗan tartsatsi in ka cire ta cikin duhu da hunturu? Wannan wutar gogayya ita ce mai ke tarawa yana gudu cikin tiyo, kuma busasshiyar iskar hunturu ba ta barin ta ta zube. Saboda haka kafin a buɗe murfi, ana haɗa motar mai da jikin jirgi da waya mai baki kamar na kada, a kan ƙarfe tsirara, ba a kan fenti ba. Ita ake fara sa wa, ita ake cirewa ƙarshe. Mai ba da man yana riƙe da wani maƙulli a hannu, da ya saki mai ya tsaya, don ko ya faɗi kada ya ci gaba da zuba. Ɗaure wannan maƙulli da roba don hannu ya huta, laifin kora ne.

Sai rikicin awo. Matuƙi nauyi yake nema, kantar mota kuma lita take ƙirgawa. Tan 10 a digiri 15 kusan lita 12,500 ne, amma man da ya sha rana ya kai digiri 40 ya kumbura, sai ka ba da kusan lita 300 a kai kafin nauyin ya cika. Ga Amurkawa da fam da galan: galan ɗaya lita 3.8 ne saura kaɗan, kilo ɗaya fam 2.2. Duk lambar da aka faɗa maka, ka maimaita ta da sunan ma'auninta kafin ka kunna famfo.

Zabeiru ƙaramin kanike: An ce wai kerozen ɗin nan ake zuba wa gurup da motoci ma. Gaskiya ne? In haka ne ai a Hilux ma zai yi.

Baba Sani mai gurup: Gaskiya ne kuma tarko ne. Sojan NATO suna da tsarin mai guda, don kada a yi ta jigilar iri biyu. Injin gazuwal zai tashi da kerozen, zai yi aiki. Sai dai kerozen ba shi da santsi irin na gazuwal, kuma famfon anjeksiyo da man da ke bi ta cikinsa yake samun maiƙo. Ba tare da maganin ƙara santsi ba, famfon yana cin kansa a hankali, sai wata rana mota ta ƙi tashi da zafi. Ƙarfi ma yana ɗan raguwa. Su suna zuba maganin, kai ba ka da shi. Kuma kada mata su sa shi a resho ko fitila, maganin hana ƙanƙara da ke cikin na soja guba ne.

Tunda an zo kan gurup, bari in zauna a nan, don shi ne aikin da yaro zai ci abinci da shi ko'ina, asibiti, otel, banki, antenar waya. Wutar NIGELEC da yawanta daga Najeriya take zuwa ta layin Birnin Kabi, kowa ya ga abin da ya faru da aka yanke ta a Agusta 2023. Sansani ba ya dogara da layi, tasharsa gare shi: gurup da yawa a jere, Caterpillar, Cummins, Perkins, an haɗa su suna raba kaya, kullum da guda a ajiye.

Lissafin farko: abin da aka rubuta kVA ka ninka da 0.8 ka samu kilowat. Mai 500 kVA kilowat 400 ne, kuma in ya ɗauki cikakken kaya yana shan lita 100 da ɗoriya a awa. Na biyu, ka karanta farantin jikinsa. Akwai wanda aka yi don aiki dare da rana, akwai na jiran ko-ta-kwana. In ka sa na jira ya zama na kullum, ba zai shekara ba.

Abin da ke kashe gurup a Yamai uku ne, kuma na farko ƙura. Matatar iska tana da ɗan ma'auni a wuyanta, in ya nuna ja a canja. Ta ciki, ƙaramar, ba a taɓa ta sam sai ranar canji. Radiyata kuma a hura ta daga inda iska ke fita zuwa inda take shiga, kada a ƙara cusa ƙurar ciki. Na biyu ruwan famfo a radiyata: yana barin farin dutse a cikin bututu kamar na gindin buta, sai zafi ya hau a Afrilu ka rasa dalili. Na uku, wanda mutane ba su yarda da shi ba, rashin kaya. Babban gurup da ke jan abin da bai kai kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa ba, ba ya yin zafin da zai ƙone mai duka, sai ka ga baƙin mai yana tsiyaya daga bututun hayaƙi. Maganinsa a ɗora masa kaya kashi 70 zuwa 80 na awa biyu ya ƙone dattin. Bidanj, wato canjin man inji, kuwa da awa ake yi, ba da wata ba, yawanci kowace awa 250, a rubuta a littafi.

Usmanu Sabon Gari: Baba, a nan kam ban bi ka ba. Matatar iska ta babban inji kuɗinta ba wasa ba. Kowane gareji a garin nan hura ta ake yi da kwamfaresa a mayar, kuma injuna na tafiya.

Baba Sani mai gurup: Suna tafiya zuwa wajen mai gyara. Takarda ce, Usmanu. Iska mai ƙarfi tana huda ta huda ƙanana da ba ka gani, kuma cokali ɗaya na ƙurar hunturu da ya wuce ya isa ya goge sigma da shimiz na cikin inji. In dole ce ta sa, ka hura da iska mai laushi daga ciki zuwa waje, kada ka buga ta a ƙasa, sannan ka sa tocila a cikinta a ɗaki mai duhu. In ka ga haske ya ɓullo ko da kamar bakin allura, jefar. Kuma sau ɗaya ko biyu, ba har abada ba.

Usmanu Sabon Gari: Na ji ta tocilar, zan gwada. Amma batun jefarwa, mai sansani da mai shago ba aljihunsu ɗaya ba.

Injiniya Fati: Ku bar ni in shigo da gargaɗi ga masu sayen kayan hannu da ake ce wa "na baz", ko gaskiya ne ko kirarin ɗan kasuwa. Kayan Faransa da Jamus wutarmu ɗaya, volt 220 zuwa 230, bugu 50 a daƙiƙa. Kayan Amurka 120 ne, bugu 60. Wanda ka cusa kai tsaye ya ƙone nan take. Ko ka sa taransifo ka rage ƙarfin, bugun bai canja ba: injin lantarki mai bugu 60 a kan 50 gudunsa yana raguwa da kashi ɗaya cikin shida, yana zafi, kwamfaresan firigo ya mutu cikin bazara. Gurup ma haka, na 50 yana juyi 1500 a minti, na 60 yana 1800. Wasu ana iya sauya su, wasu a'a. Akwai kuma keken wutar da ake jona wa jirgi a ƙasa, shi 115 ne bugu 400, ko 28 irin ta batir. Ba shi da wani amfani a gida, kada wani ya sayar maka a matsayin gurup.

Kilim, na'urar sanyaya ɗaki, kuma a duba ajinsa. T1 an yi shi don zafin da bai wuce digiri 43 ba, T3 yana jure har 52. A Yamai da Tawa T3 ne naka. Ragar ciki a wanke kowane mako da hunturu, na waje a wanke fiffikensa da ruwa maras ƙarfi. Gas R22 da R410A ba a gauraya su, matsinsu ba ɗaya ba, mansu ba ɗaya ba.

Malam Habu Talladje: Masha Allah. To a dawo kan pist ɗin kansa, titin tashi da saukar jirgi. Wa zai ɗauka?

Shef Laminu: Pist ɗin Yamai sunansa 09/27. Lambar kusurwa ce a kan kamfas, an cire sifirin ƙarshe: 90 gabas, 270 yamma. Jirgi yana tashi yana sauka yana fuskantar iska, to da hunturu iska daga gabas da arewa maso gabas, da damina daga kudu maso yamma, ka ga dalilin shimfiɗa shi haka.

Aikin farko na safe tsintar ƙasa ne. A yi sahu kafaɗa da kafaɗa, a taka wurin ajiye jirage a hankali, ido a ƙasa, duk tsakuwa, noti, guntun waya, murfin kwalba, a sa a jaka. Abin dariya ne ga baƙo, manya da galo a kafaɗa suna tsintar tsakuwa. Amma injin jet yana zuƙar duk abin da ke gabansa, noti ɗaya ya karya fiffiken ciki, guntun ya karya na bayansa, inji ya tashi aiki. Don haka duk motar da ta fito daga hanyar jar ƙasa sai ta tsaya a bakin kwalta, direba ya sauka ya ƙwaƙule tsakuwar da ta maƙale a taya huɗu, ya ɗan matsa gaba ya duba inda taya ta taka. Hula ba a sa ta kusa da inji. Akwatin kile kowane ƙarfe da gurbinsa da aka yanka daidai siffarsa, a ƙirga kafin aiki, a ƙirga bayan aiki. In kile 10 ɗaya ya ɓace, jirgin ba zai tashi ba sai an gan shi, ko da za a kwana.

Tayar jirgi da azot, wato iskar naitirojin, ake hura ta, ba iskar kwamfaresa ba, don ba ruwa a cikinsa kuma ba ya taimakon wuta. Ana auna ta bayan ta huce, awa 3 aƙalla da sauka. Sabuwar da aka haɗa a cikin kejin ƙarfe ake hura ta.

Ɗan Tawa: Me ya sa manyan jiragen kaya suka fi tashi da asuba ko cikin dare? Mu a gari mun ɗauka ɓoyo ne.

Malama Zainabu ta meteyo: Zafi ne, ƙanena. Iska mai zafi ba ta da kauri, fiffike ba ya samun abin dogara sosai, inji ma ba ya samun isasshiyar iska. Filin Yamai mita 220 da ƴan kai yake bisa teku. Amma ranar da zafi ya kai 45 a Afrilu ko Mayu, jirgi yana jin kamar yana tashi daga tudu mai mita 1300. Sai ya buƙaci doguwar tsere, ko a rage masa kaya ko mai. A Agadas abin ya fi tsanani, garin kansa wajen mita 500 yake bisa teku, tsawon pist ɗin baz 201 kuma wajen mita 1900. Da asuba ana samun saukin digiri 15 ko fiye, kaya su ƙaru.

Abokan gaba biyu ne a shekara. Hazon hunturu, Disamba zuwa Fabrairu, wanda yawancinsa daga kwarin Bodele na Cadi iska ke kwaso shi. Yana iya kwana biyu uku, gani ya faɗi ƙasa da kilomita ɗaya, kyamarar jirgi maras matuƙi ta koma tana kallon fura. Shi dai yana ba da sanarwa. Mai ban tsoro shi ne hadarin damina, Yuni zuwa Satumba. Daga gabas yake tasowa a jere kamar bango, gabansa jar ƙura, iska ta juye lokaci ɗaya. Daga ganin bangon zuwa isowarsa wani lokaci ba ya kai rabin awa. Da meteyo ta ba da gargaɗi, a tsayar da ba da mai saboda tsawa, ƙananan jirage irin Cessna 208 a ɗaure su da ƙasa a fiffike biyu da wutsiya, a sa kal, abin tokare taya, gaba da bayan taya, a kulle farfela da sitiyarin wutsiya, a toshe bakin inji, a tura abin da ake iya turawa cikin angar. Tsani, kwandon shara, palet maras kaya, duk abin da aka manta shi ne zai tashi ya huda jikin jirgi. Reaper fiffikensa mita 20 ne kuma ba shi da nauyi sosai, iskar gefe ba ta yi masa daɗi wajen sauka, don haka lokacin dawowarsa da meteyo ake tsara shi.

Abdu pompiye: Namu ɓangaren gajere ne a faɗi. Ƙa'idar duniya minti 3 daga ƙararrawa zuwa fara zuba kumfa a kowane ƙarshen pist. Shi ya sa takalmi yana cikin wando a ajiye, mota cike, ana tada ta kowace safiya. Wutar kerozen ba a yi mata ruwa zalla, mai zai hau kan ruwan ya bi shi yana ci. Kumfa ake yi: mai kashi 3, lita 30 na magani a lita 970 na ruwa. Ba a harba ta tsakiyar man, ana jefa ta ta sauka a hankali ta rufe kamar bargo, kuma a tsaya iska tana bayanka. Aikin farko buɗe wa mutane hanyar fita, ba ceton jirgi ba.

Birki mai zafi ya fi yawa a kira. Ba a tunkarar taya daga gefe, daga gaba ko baya ake zuwa, don in janta ta fashe gefe take watsuwa. Ba a kwara mata ruwan sanyi, fanka ake sa mata.

Roƙo ɗaya ga iyayenmu mata: shuɗin duro ko bidon da aka zuba maganin kumfa a ciki, kada a saye shi don ruwan sha. Tsohon maganin yana da sinadarin da ba ya ruɓewa, wanki da omo ba ya fitar da shi.

Usmanu Sabon Gari: Tsuntsaye fa? Ga kogi kusa.

Abdu pompiye: Shirwa, balbela, da shamuwa in damina ta kusa. Harbin tsoratarwa na ɗan lokaci ne. Maganin gaske a hana su abinci: shara a rufe, kada ruwa ya kwanta gefen pist, a yanke ciyawa kafin ta yi iri ta tara fara.

Hajiya Rabi Gamkalle: Maza sun cika zauren da ƙarfe. Abin da ke kwantar da sansani a rana ɗaya ba inji ba ne, gudawa ce. Kicin mai ciyar da ɗaruruwa yana da ƙa'idar da duk mai son aikin otel ya kamata ya haddace. Kwantenar ƙanƙara digiri 18 ƙasa da sifiri, ɗakin sanyi 0 zuwa 4, a karanta a rubuta safe da yamma. Nama a cikin ɗakin sanyi ake narkar da shi, a can ƙasa, cikin faranti, ba a rana ba, kuma wanda ya narke ba ya komawa ƙanƙara. Kaza sai ma'auni ya nuna 75 a cikin cinya. Abincin da ke jiran masu ci kada ya sauka ƙasa da 63. Katakon yanka kowane da launinsa, na ɗanyen nama ba ya ganin salati. Tsarin Faransawa kuma akwai kwanon shaida: daga kowane abinci a ɗebi wajen giram 100, a rufe, a rubuta rana, a ajiye a sanyi kwana 5. In ciki ya ɓaci, shi za a kai labo, ba a tsaya ana zargin juna ba.

Ruwa kuma Injiniya ta fi ni.

Injiniya Fati: Jerin tace ruwa dai shi ne yashi, gawayi, ƙaramar matata mai mikron 5, sannan fatar tacewa da famfo mai matsi ke tura ruwa ta cikinta. Gawayin ba ado ba ne, shi ke cire kulor, don kulor yana ƙona fatar. Bayan an tace sai a mayar da kulor kaɗan, a ba shi minti 30, a auna a samu wajen miligiram 0.5 a lita. Agusta da Satumba, lokacin da kogin Isa ke yin ja da laka, matatun farko suna toshewa da sauri, sai a ninka wanke yashin. Babbar asara ita ce injin da aka kashe aka tafi. Fatar in ta zauna da ruwa a tsaye ta yi yauƙi, in ta bushe ta mutu. Wanda za a ajiye sai a cika shi da ruwan magani mai kashi 1 na metabisulfit. Haka gurup da aka bari: batir ya mutu, gazuwal ya yi laka, roba ta tsage. Ko ba a bukatarsa, a tada shi da kaya kowane wata.

Zabeiru ƙaramin kanike: Saura lodi. Yayana yana da farmin sariyo, motar ɗaga kaya mai cokali, yana neman aikin kaya a filin jirgi.

Shef Laminu: To ya san palet ɗin soja, 463L. Faɗinsa mita 2.24 da 2.74, fatar alminiyom ce a kan katako maras nauyi, yana ɗaukar kilo 4500. C-130H na cin 6, C-17 na cin 18. Ba shi da ramin cokalin sariyo, don haka kullum a kan katako uku ake ajiye shi. Wanda ya ajiye shi a tsakuwa ya huda gindinsa, in ya lanƙwashe kuma ba zai bi layin cikin jirgi ba. Mai nauyi a ƙasa a tsakiya, raga biyu a gefe, ɗaya a sama, a auna a rubuta. Nauyin nan kada a yi ƙiyasi, da shi mai lodin jirgi ke lissafa inda kowane palet zai zauna don kada hanci ko wutsiya ta rinjaya. Kuma sariyo ba ya matsar jirgi sai da mai nuna hanya a ƙasa da kal a bayan taya.

Ɗan Tawa: Duk wannan ilimi, amma da yawa da suka yi aikin suna zaune, ba su da ko takardar da za su nuna.

Malam Habu Talladje: Wannan Maitir Idi ne zai amsa, na ga yana karantawa bai ce komai ba.

Maitir Idi: Ina nan Malam. Ma'aikacin irin wannan wuri, mai aikinsa a doka shi ne kamfanin da ya sa hannu a kontirarsa, ba sojan da yake gani ba. Can zai nemi haƙƙinsa. Dokar aiki ta 2012 ta wajabta a ba shi takardar shaidar aiki ranar da ya tashi, da ranar shiga, ranar fita, da irin aikin da ya riƙe. Ya lura da wannan na ƙarshe. In gurup ya yi shekara biyar yana gyarawa aka rubuta masa "lebura", takardar ba za ta yi masa amfani ba, ya nemi a gyara. Hutu kwana biyu da rabi ne ga kowane watan aiki, wanda bai ci ba a biya shi. Ya je CNSS, asusun fansho na ma'aikata, da lambarsa ya nemi a fitar masa da lissafin abin da aka zuba, ya gwada da takardun albashinsa wata-wata, don yankewa a albashi daban, zubawa daban. In akwai giɓi ko an hana takarda, sai Inspeksiyon aiki ta jiharsa, kyauta ne, su kira ɓangare biyu sulhu kafin a kai kotun aiki. Kada a jinkirta, haƙƙin albashi yana da wa'adi. Ya tafi da kontira, takardun albashi, tsohon badji in yana hannunsa, da duk wata takardar horo da aka taɓa ba shi, asali da kwafi, kuma asalin kada ya bar shi a kan teburin kowa.